Lissafin Tudun Hatsi

Nakan riga motoci isa Tudun Hatsi,
littafin lissafi a hammata, biro a bayan kunne.
Buhu arba'in na wake daga Dukku,
sha bakwai na masara daga Kumo, biyu sun jiƙe.
Alhaji Bappayo ba ya son jin kalmar "jiƙe",
sai in rubuta, in ja layi a ƙasa, in kama bakina.

Wayata na aljihun gaba,
fuskarta a tsage tun ranar da buhu ya zame mini.
Ta wannan tsagar nake leƙen makaranta.

Bayan azahar, in 'yan dako sun baje a inuwar tirela,
nakan toshe kunne ɗaya da darasi,
ɗayan in bar wa kasuwa.
Malamar tana wani gari da ban taɓa takawa ba,
tana cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai an taya an karɓa,
sai muryarta ta tsaya cak,
ɗan zobe yana ta juyi a kan goshinta.
Ga wani a gabana ya dafa buhun gero:
"Talatin." "Albarka."
"Da biyar." "Na sallama."
Na ce, malama, huta abinki, na gani da idona.

Datar dubu ɗaya ba ta kwana uku.
Ita da kuɗin cefane 'yan ɗaki ɗaya ne,
kullum sai na raba su faɗa.

Da dare a Bolari wuta sai ta ga dama.
Nakan je rumfar Lamela mai caji,
in zauna a kan benci tsakanin wayoyi sittin
kowace tana shan nata rabon.
Shi yake riƙe agogo, shi yake karanto tambayoyin bara,
yana tauna Turancin kamar ɗanyen rogo.
"Saura minti huɗu, lauya."
Ban zama ba tukuna, Lamela.
"Ai shi ya sa nake kira, kafin ka fara karɓar kuɗi."

Jiya na ci hamsin da uku cikin ɗari.
Shekaranjiya sittin.
Ashe ilimi ma yana ramewa kamar wake a buhu,
in ba a juya shi ba ƙwari su shiga.

Goggo Dudu ta tambaye ni,
wai wace irin makaranta ce ba allo, ba bulala,
malami bai san fuskar ɗalibinsa ba?
Ban ba ta amsa ba.
Na dai tuna babana a Deba,
ranar da aka dangwala masa yatsa a tawada
aka ɗora a ƙasan takardar da bai iya karantawa ba.
Ya dawo gida yana goge yatsan a gefen riga.
Tawadar ta fita a wanki na biyu.
Gonar ba ta dawo ba.

Ba na cewa zan ƙwato ta,
an yi gidan mai a wurin, har da masallaci.
So nake wata rana wani tsoho ya miƙo yatsa
in riƙe hannunsa in ce, dakata baba,
bari mu ji me takardar ta ce.

Saura kwana sha tara.
An ce a kwamfuta za a yi,
ni da ban taɓa riƙe linzaminta ba sai sau biyu.
Barci yana zuwa mini a tsakiyar sakin layi,
in farka wayar na kan ƙirjina, ta mutu, da ɗuminta.

Ga ladan ya fara.
Motar Dukku ba ta jiran kowa.
Wake arba'in, masara sha bakwai,
ni kuma hamsin da uku,
na rubuta, na ja layi a ƙasa.